Horar da Ɗalibai Domin Gasar Kimiyya da Ƙere-ƙere

Gabatarwa

Kusan kowace shekara takardar gayyata takan iso ofishin shugaban makarantar sakandare, ana neman a turo ɗalibai biyu ko uku su wakilci makarantar a gasar kimiyya. Abin da yakan biyo baya ba ɓoyayye ba ne ga malamai. Takardar takan daɗe a kan tebur, sai ana saura mako guda a kira malamin kimiyya a danƙa masa ita. Shi kuma da ya ga lokaci ya ƙure, sai ya harhaɗa wata na'ura da kansa, ko ya kai wa mai gyaran rediyo ya haɗa masa, sa'an nan ya rubuta bayani ya ba yara su haddace. Ranar gasa kuwa, da zarar alƙali ya yi tambaya ɗaya wadda ba ta cikin hadda, sai yara su yi tsuru-tsuru. A dawo gida ana cewa an yi son kai, alhali kuwa an manta ne cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta kofi. Yaron da aka sa ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ya yi aikin da bai yi ba, ya koyi miyagun darussa biyu: cewa kimiyya abar haddacewa ce, da kuma cewa ƙarya tana wucewa a cikinta. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda malami zai horar da ɗalibansa ta hanyar da aikin zai zama nasu, tun daga tambayar farko har zuwa amsar da za su ba alƙali. Misalan da za mu kawo na kayan da ake samu a kowace kasuwa ne, domin makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ita ma ta amfana.

Ire-iren Gasa

Kafin a fara shiri, wajibi ne malami ya san irin gasar da zai shiga, domin kowace da abin da take aunawa. Ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko shi ne gasar tambaya da amsa, da ta rubutacciyar jarrabawa. Ƙololuwar wannan kashi ita ce gasar duniya da ake kira Olimfiyad. An fara ta lissafi a ƙasar Romaniya a 1959, ta fiziks a Folan a 1967, ta kemistiri a tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya a 1968, ta bayoloji kuma a wannan ƙasa dai a 1990. A ta bayoloji ɗalibai huɗu kowace ƙasa take aikawa, kuma ana gwada su a rubuce da kuma a aikace. A Nijeriya, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, kusa da Abuja, ita ke tace ɗalibai tana horar da waɗanda za su wakilci ƙasa.

Kashi na biyu shi ne baje kolin bincike, inda ɗalibai ke gabatar da gwajin da suka gudanar. Babbar gasar duniya ta wannan fanni, wadda aka fi sani da ISEF, ta samo asali a birnin Filadelfiya na Amurka a 1950. A ƙa'idarta ƙungiya ba ta wuce ɗalibai uku, kuma aikin da za a gabatar kada ya wuce na watanni 12 a jere. Wannan iyaka kaɗai ta isa ta nuna cewa da watanni ake lissafin irin wannan aiki.

Kashi na uku shi ne ƙira, watau a ƙera wani abu da zai magance wata matsala. A 2018 wasu 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onitsha, Jihar Anambra, suka zo na ɗaya a rukunin ƙanana na gasar Technovation da aka yi a Amurka, da manhajar waya da suka tsara domin gano jabun magunguna.

A makarantunmu, ƙungiyar matasan injiniyoyi da masana kimiyya da aka sani da JETS, tare da ƙungiyar malaman kimiyya ta Nijeriya, STAN, wadda aka kafa a 1957, su ne ƙofofin da yawancin ɗalibai ke fara bi. Ko wace gasa ce, aikin farko shi ne a nemi ƙa'idojinta na shekarar da ake ciki, malami da ɗalibai su karanta tare, layi-layi, domin ƙa'idoji sukan sauya.

Zaɓen Ɗalibai

An saba ɗaukar na ɗaya da na biyu a aji a ce su ne 'yan gasa. Wannan yana iya yin daidai a gasar tambaya da amsa. Bincike da ƙira kuwa suna bukatar wasu halaye da jarrabawar aji ba ta nunawa. Akwai yaron da ba ya gajiya da tambaya. Akwai mai hannu, wanda tun yana ƙarami yake ƙera motar kara ko ta langa-langa. Akwai yarinya mai natsuwa wadda za ta ƙirga abu 300 ba ta ɓata lissafi ba. Ƙungiyar da ta haɗa irin waɗannan uku ta fi wadda ta tara masu hadda zalla.

Hanya mai sauƙi ta gano su ita ce a buɗe ƙofa ga duk mai so, a ba su ƙaramin aiki na mako biyu. Alal misali, kowa ya shuka wake goma a gwangwani, ya riƙa auna tsawonsu kullum yana rubutawa. Bayan mako biyu, littafin kowa zai nuna wanda ke da juriya da wanda ya zauna daren ƙarshe ya cike lambobi daga kansa.

Ya kamata a dogara ga 'yan aji ɗaya da na biyu na babbar sakandare, saboda 'yan aji uku hankalinsu yana kan jarrabawar WAEC da NECO da ta shiga jami'a. Haka kuma, ɗalibin da ya je gasa yana aji ɗaya zai zama mai taimakon malami wajen horar da na baya. A sanar da iyaye tun farko, a kuma tsayar da lokacin haɗuwa wanda ba zai ci karo da makarantar Islamiyya ko aikin gida ba. Rashin kula da wannan ne yakan sa 'yan mata su janye tun kafin a yi nisa. Awa ɗaya sau biyu a mako na tsawon zango biyu ta fi kwana bakwai a jere ba barci.

Tambaya Ita ce Tushe

Abu mafi wuya a bincike shi ne samun tambaya mai kyau, kuma a nan ne malami ya fi bukatar haƙuri. Idan ya ba ɗalibai tambaya a shirye, ya karɓe musu rabin aikin. Abin da ya fi shi ne ya tura su kasuwar hatsi, da gona, da bakin rijiya, da wurin masu sayar da tumatir, su dawo da jerin abubuwan da ke damun mutane. Daga nan sai a zauna a tace.

Tambaya mai kyau tana da alamu huɗu. Ana iya amsa ta da awo ko ƙirga. Kayan aikinta suna kusa. Za a iya gama ta cikin zango guda. Kuma babu wanda ya san amsarta tabbas, har da malamin.

A ce ɗalibai sun dawo da labarin cewa wasu mutane suna zuba ganyen dogonyaro a buhun wake domin kada ƙwari su ci. “Amfanin dogonyaro” kan magana ne kurum, bai zama tambaya ba. “Shin dogonyaro yana maganin ƙwari?” ta yi faɗi: waɗanne ƙwari, wane sashe na bishiyar, yaya yawansa? Ta hanyar yi musu irin waɗannan tambayoyi, malami zai kai su har su ce: “Shin garin ganyen dogonyaro yana rage yawan ƙwarin da ke fitowa daga waken ajiya, idan aka kwatanta da waken da ba a sa wa komai ba?” Wannan tambaya ce da kwalba da ƙirga za su amsa.

Tambayar kuma ba ta wasa ba ce. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wannan wake namu, Nijar na bi mata. Saboda tsoron ƙwari, wasu 'yan kasuwa sukan zuba wa wake magunguna masu guba, har ta kai Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, saboda yawan sinadarin dikulobos da aka samu a cikinsa.

Yadda Ake Tsara Gwaji

Kafin a taɓa kwalba, sai ɗalibai sun san rayuwar ƙwaron. Mutane da yawa suna zaton waken ne da kansa ke rikiɗa ya zama ƙwaro idan ya daɗe. Irin wannan zato aka yi wa nama da tsutsa a da, har sai da wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya gwada a 1668. Ya sa nama a kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya toshe wasu, ya rufe wasu da ƙyalle mai shara-shara. A buɗaɗɗun kwalaben ne kaɗai tsutsa ta fito a jikin naman, domin nan ne ƙuda ya samu shiga ya yi ƙwai.

Haka abin yake ga wake. Macen ƙwaron tana manna ƙwanta ɗaya-ɗaya a bayan ƙwayar wake, sau da yawa tun waken yana gona. Cikin kusan mako guda tsutsa takan ƙyanƙyashe, ta huda ƙwayar ta ƙarƙashin ƙwan ta shige ciki, ta yi ta ci ba wanda ke ganin ta. A lokacin zafi, mako uku zuwa huɗu sun isa ta rikiɗa ta zama ƙwaro, ya yanke ɗan zagayayyen murfi ya fito. Ramin da muke gani a jikin wake ƙofar fitarsa ce. Babban ƙwaron ba ya bukatar ci ko sha, mako ɗaya ko biyu yake rayuwa, aikinsa haihuwa kawai.

Daga wannan bayani ɗalibi mai lura zai gano matsala ta farko: waken da aka sayo a kasuwa, ko da ya yi kyau a ido, yana iya ɗauke da tsutsa a ciki. Saboda haka sai an kashe abin da ke ciki kafin a fara. Inda wuta ke zama, a sa waken a sashen ƙanƙara na firiji mako guda. Inda babu, a shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa, a baza waken, a rufe da leda mai shara-shara, a naɗe gefunan, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yakan kai wajen digiri 60, kuma yana kashe ƙwai da tsutsa.

Sa'an nan a tanadi kwalabe 20 iri ɗaya, a zuba giram 50 na wake iri ɗaya a kowace. A kasa su rukuni huɗu, biyar-biyar. Rukuni na farko a zuba garin ganyen dogonyaro, na biyu garin 'ya'yansa, na uku toka, duka da awo ɗaya. Rukuni na huɗu kada a sa masa komai. Wannan shi ne rukunin kwatance, kuma shi ne mafi muhimmanci. In babu shi, ko da ƙwari kaɗan suka fito, ba mai iya cewa maganin ne ya yi aiki ko kuwa sanyin hunturu ne ya hana su. A kowace kwalba a saka ƙwari goma da suka fito a rana ɗaya, mata biyar maza biyar. Macen ta fi girma da duhu, kuma gilashin ƙara girma yana taimakawa wajen rarrabewa. A rufe bakin kwalba da ƙyalle, a ɗaure da roba.

Ɗalibi zai iya tambaya, me ya sa biyar-biyar, alhali ɗaya-ɗaya ta fi sauƙi? Dalili shi ne halittu ba su zama daidai da juna. Wata mace ta fi wata yawan ƙwai, wata kuma tana iya mutuwa ranar farko. Da kwalba ɗaya ba a iya bambanta aikin magani da katari.

Saura wurin ajiya. Idan aka jera kwalaben dogonyaro kusa da taga, na kwatance kuma a lungu, to zafi da haske sun shigo cikin gwajin ba a gayyace su ba. Maganin wannan shi ne ƙuri'a: a rubuta lamba 1 zuwa 20 a ƙananan takardu, a zuba a hula, a riƙa zarowa, kowace kwalba ta zauna inda ƙuri'a ta ba ta. Masanin lissafi Ronald Fisher ne ya kafa wannan ƙa'ida a shekarun 1920, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, kuma har yau da ita ake gwada magunguna da irin shuka.

Bayan kwana bakwai a tankaɗe manyan ƙwarin a fitar, a ƙirga ƙwan da ke jikin wake. Daga mako na uku a riƙa ƙirga sababbin ƙwarin da suka fito kullum ana cire su, har zuwa kwana na 40, ko fiye in lokacin sanyi ne. Duk abin da aka gani a rubuta shi nan take da biro, da kwanan wata, a littafi ɗaya mai ɗinki wanda ba a yage masa shafi. In an yi kure a ja layi ɗaya a kai, kada a goge. Wannan littafi shi ne shaidar ɗalibai, kuma alƙalin da ya san aiki yakan duba shi da kyau.

Karanta Sakamako

Domin misali kawai, a ɗauka ga yawan ƙwarin da suka fito. Rukunin kwatance: 80, 95, 72, 88, 90, matsakaicinsu 85. Rukunin ganye: 60, 90, 45, 85, 70, matsakaicinsu 70. Rukunin 'ya'ya: 12, 20, 9, 15, 14, matsakaicinsu 14.

Mai gaggawa zai ce duka biyun sun yi aiki, tun da 70 da 14 duk ba su kai 85 ba. Amma a sake duba lambobin. Biyu daga kwalaben ganye sun ba da 90 da 85, sun fi wasu kwalaben da ba a sa wa komai ba. Rukunan biyu sun cuɗanya, don haka wannan gwaji bai isa a yanke wa ganye hukunci ba. Rukunin 'ya'ya kuwa, mafi yawansa 20 ne, bai ko kusanci mafi ƙarancin na kwatance ba, watau 72. A nan ana iya magana da ƙarfin gwiwa.

Babban gwajin malami yana zuwa ne a ranar da sakamako ya saɓa wa abin da aka sa rai. Yara za su so su gyara lamba ɗaya ko biyu, ko su jefar da kwalbar da ta ɓata musu lissafi. Dole ne malami ya tsaya kai da fata a nan. Binciken da ya nuna cewa wani abu da jama'a suka dogara da shi ba ya aiki yadda ake zato, ya yi wa manomi amfani ƙwarai, domin ya hana shi asarar buhunsa. Kuma kowane sakamako yana haifar da sabuwar tambaya. Shin waken da aka sa wa garin zai tsira in an shuka? Me zai faru in an cika kwalba taf aka toshe ta, iska ba ta shiga? Wannan tambaya ta biyu ita ce tushen buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na arewacin Kamaru suka samar, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar oksijin da numfashinsu, har su daina ci su mutu.

Fannin Ƙira

Wanda zai ƙera abu, tambayarsa ta farko ita ce: me ake so abin ya yi, kuma da wane awo za a san ya yi? Misali mai kyau shi ne tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka, har ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sakawa cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, kuma kowane kilogiram na ruwa da ya zama tururi yana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400. Hikimar randa ce da kowa ya sani, aka juya ta domin adana tumatir da yalo da alayyafo.

Ƙera irin wannan tukunya kaɗai ba zai burge alƙali ba, tun da an riga an yi ta. Aikin injiniya yana farawa ne daga awo. Ɗalibai su auna zafin ciki da na waje safe, rana da yamma. Su sauya kaurin yashi, su sake aunawa. Su gwada gawayi a madadin yashi. Su kwatanta watan Maris, lokacin da iska ta bushe, da watan Agusta mai laima, su ga yadda sanyin ke raguwa da damina. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, sauran a bar su yadda suke. Kada a jefar da ƙirar farko da ta gaza, domin ita ce ke nuna hanyar da aka bi.

Wajibi ne a ja kunne game da wata ƙira da ke yawan bayyana, watau janareta marar mai. Yawanci batir ne ke juya mota, motar ta juya dinamo, dinamon kuma a ce yana caja batirin har abada. Wannan ba ya yiwuwa, domin ba a ƙirƙirar makamashi daga babu, kuma a kowane mataki wani kaso yana salwanta ya zama zafi. Tun a 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa ta yanke shawarar daina duba na'urorin da ake cewa suna juya kansu har abada. Idan ɗalibai suka zo da wannan shawara, kada a yi musu dariya. A ba su ma'aunin lantarki su auna abin da ke shiga da abin da ke fita, su gano gaskiyar da kansu.

Shirin Gasar Tambaya da Amsa

A wannan fanni ma hadda ba ta kai mutum nesa. Abu uku sun fi amfani. Na farko, ɗalibi ya rufe littafi ya yi ƙoƙarin tuno abin da ya karanta, domin tunowa ta fi maimaita karatu zaunar da ilmi. Na biyu, a riƙa komawa kan tsohon darasi bayan kwana biyu, bayan mako, bayan wata. Na uku, ɗalibai su riƙa tsara wa juna tambayoyi, ana aunawa da agogo kamar ranar gasa. A kuma ba aikin hannu haƙƙinsa: su fiɗe furen kuɓewa ko na rama su zana sassansa, su ɓare siririyar fatar albasa su ɗiga mata aidin su duba a maikiroskof. In makaranta ba ta da shi, a nemi izinin kai su kwalejin ilmi ko jami'a mafi kusa.

Kiyaye Lafiya da Iyakar Hannun Malami

Babu kofin da ya kai lafiyar yaro. Kada ɗalibi ya taɓa ƙwayar fostoksin ko wani maganin ƙwari na kanti da sunan kwatance, domin iskar da ƙwayar ke fitarwa tana kisa. Kada a ci waken gwaji. Kada a raini ƙwayoyin cuta a gida ko a aji. Aikin da ya shafi wutar lantarki ta gida, ko acid, ko walda, sai a gaban babba. Binciken da ya shafi mutane kuma sai da yardarsu.

Game da taimako, ga ma'auni mai sauƙi. Malami yana tambaya, yana koyar da amfani da kayan awo, yana nemo littattafai da izini da kuɗin mota, yana hana abin da ke da haɗari. Ɗalibi ne ke aunawa, shi ke ƙirgawa, shi ke rubutawa, shi ke yanke hukunci. Ba laifi ba ne a kai wa maƙeri ko magini ko mai walda aikin da ya fi ƙarfin yara, muddin yaran ne suka zana abin da suke so, kuma aka faɗi haka a rahoto. Haka nan abin da aka ɗauko daga littafi ko intanet, ko aka tambayi manhajar kwamfuta mai ba da amsa, a bayyana inda aka samo shi, a kuma tabbatar da ingancinsa.

Ranar Gasa

Mako biyu kafin ranar, ɗalibai su fara gwada gabatarwa. Su fara yi da Hausa a gaban 'yan ƙaramar sakandare, ko ma a gaban mai sayar da wake. Wanda ya iya bayyana aikinsa da harshen uwa har aka gane, to ya fahimce shi, mayar da shi Turanci kuma ba zai yi wuya ba. Daga nan a gayyato malamin wani fanni ya zama alƙali, ya yi musu tambayoyin da ba su zata ba. Tambayoyin alƙalai ba su cika wuce waɗannan ba: Me ya sa kuka zaɓi wannan aiki? Da me kuka kwatanta? Sau nawa kuka maimaita? Me ya ba ku mamaki? In za ku sake, me za ku sauya? Ko da an raba aiki, kowane ɗalibi ya san dukkan sassansa, domin alƙali yana iya juyawa ga wanda ya yi shiru. In an tambayi abin da ba su bincika ba, su ce ba su bincika ba, su faɗi yadda za a bincika. Allon bayani ya ƙunshi tambaya, da hanya, da jadawali, da zane, da rubutu kaɗan da za a iya karantawa daga nesa. A tafi da littafin aiki, da batir na ko-ta-kwana, kada a dogara ga wutar zauren.

Kammalawa

Bayan an dawo, ko an ci ko ba a ci ba, a zauna da ɗalibai a rubuta tambayoyin da alƙalai suka yi da abin da aka gani a teburan wasu makarantu. A ajiye wannan tare da littafin aiki a ofishin sashen kimiyya, domin ƙungiyar baɗi ta ɗora daga inda aka tsaya. Muna kira ga shugabannin makarantu da su ware ɗan abin da za a sayi kwalabe da ma'aunin zafi tun farkon shekara, su kuma rage wa malamin da ke wannan hidima wani nauyi. Kofi ɗaya ne a kowace gasa, makarantu kuwa da yawa. Amma duk makarantar da ta bi wannan hanya za ta dawo da yara uku da suka san yadda ake tambaya, a gwada, a ƙirga, a faɗi abin da aka gani ba ƙari ba ragi. Wake yana shigowa kasuwa da kaka, daidai lokacin da zangon farko ya kankama. Malamin da ke son shiga gasar bana, lokacin tara kwalabe ke nan.